Raunin Tsufa da Ɗimuwa a Sashen Kulawa ta Musamman

Ɗimuwa rikicewar hankali ce da kan auka wa majinyaci cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Da safe yana gane 'ya'yansa, da dare yana fizge robar ƙarin ruwa yana sambatu. Wani kuwa shiru kawai yake yi, ya ƙura wa silin ido, kuma irin wannan ce ta fi kuɓuce wa ma'aikatan jinya.

Ba yawan shekaru kaɗai ke jawo ta ba. Tsohon da jikinsa ya riga ya yi rauni, ya rame, tafiya ta gagare shi, ya fi tsaransa mai kuzari shiga haɗari, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta da sauran juriya. Kamuwa da ƙwayoyin cuta, raɗaɗi, magungunan sa barci, na'urar taimakon numfashi da fitilun da ba a kashewa kan taru su rinjaye ta.

Likitoci kan auna raunin da ma'aunin da Kenneth Rockwood na Kanada ya fitar a 2005, wanda yanzu yake da matakai 9. Rigakafin ɗimuwar kuwa ba tsada: a rage magungunan sa barci, a mayar wa dattijo tabaraunsa, a zaunar da shi da wuri, a bar iyalinsa kusa da shi.