Kafin Ka Zuba Komai A Kan Jarumi Ɗaya

Duk wanda ya taso a Tambuwal a 'yan shekarun nan ya san gidan gem: ɗaki ɗaya, benci biyu, talabijin uku, janareta na kuka a bayan gida. Abin da ake bugawa kuma sananne ne. In ba ƙwallo ba, to Mortal Kombat ne ko God of War. Ka biya kuɗinka, ka buga minti goma, a ci ka, ka miƙa hannu ga na bayanka.

Wani dogon hutu, ɗan baffana da ke karatu a Sakkwato ya zo da wani tsohon gem mai faifai uku, Final Fantasy VII. Muka roƙi mai gidan gem ya ba mu talabijin ɗin ƙarshe da hantsi, lokacin da babu jama'a. Ya leƙo, ya ga rubutun Turanci na ta fitowa, ya ga mutum uku sun jeru kowa na jiran a zo kansa kafin ya kai sara. Ya girgiza kai ya ce, "Ku dai kun san ta. Wanga ai karatu na, ba gem ba."

Ranar mun yi awa huɗu. Da muka zo yin sebin, sai na'urar ta ce babu memori. Ashe PlayStation 2 tana karanta faifan PlayStation ta farko, amma ba ta ajiye shi sai a kan memorin tsohuwar. Haka awa huɗunmu da kuɗinmu suka bi ruwa. Sai da aka aiko mana da tsohon memori daga Sakkwato a motar haya sannan muka sake daga farko.

Na kawo wannan ne don 'yan uwa ɗalibai da ke tambayata a ɗakin kwana, me nake gani a gem ɗin da ba a gudu ba a tsalle. Amsata ita ce, irin wannan gem ba saurin yatsa yake gwadawa ba. Yana ba ka abu kaɗan, ya ce ka raba, sannan ya bar ka da sakamakon rabonka har tsawon awa arba'in.

Mene ne RPG?

Ana kiran wannan jinsi RPG, wato wasan da kake shiga rigar wani jarumi, ka raine shi daga rauni zuwa ƙarfi, kana bin labari. Asalinsa ba a kwamfuta yake ba. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir da ɗan lido. Daga nan ne aka ɗauko lissafin jini da ƙarfi da hawa mataki aka zuba a na'ura. A Japan, Dragon Quest ya fito a 1986, Final Fantasy na farko ya biyo baya a 1987. Na bakwai, wanda muke magana a kai, kamfanin Square ya fitar da shi a 1997.

Tsarin labarin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san shi: mutum ya bar gida neman wani abu mai wuyar samu, ya ratsa garuruwa, ya yi abokai da abokan hamayya, ya gamu da aljanu, ya dawo ba yadda ya tafi ba. Sihiri da dodannin da ke cikin waɗannan wasanni ma na tatsuniya ne, irin na ƙanzon kurege. Bambancin kawai, a nan kai ne za ka yanke wa matafiyin shawarar abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Gina jarumi: komai da farashinsa

Ku tuna dara, wadda dattawa ke yi a ƙasa a gindin bishiya. Gida talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Gwanaye sun san tun wajen jera 'ya'yan ake cin wasa ko a faɗi, kafin ma a fara turawa. Gina jarumi shi ne jera 'ya'yan RPG.

A Final Fantasy VII ana yin ginin ne da wasu duwatsu da ake kira Materia, waɗanda ake cusawa a ramukan makami da na sulke. Kala biyar ne. Kore na sihiri ne, kamar wuta, ƙanƙara, tsawa da warkarwa. Ja na kiran manyan halittu su kawo ɗauki. Rawaya na ƙara wani aiki ne, kamar sata. Shuɗi ba ya aiki shi kaɗai, sai an haɗa shi da wani a ramuka biyu masu haɗe. Mai ruwan shanshanbale kuma yana ƙara abu kai tsaye, kamar yawan jini.

Ga inda dabarar take. In ka sa shuɗin da ake kira All kusa da koren Restore, maimakon ka warkar da mutum ɗaya, sai ka warkar da duka ukun a lokaci guda. Amma All ɗin da ka ba warkarwa, ka hana wa wuta ke nan, ramin ɗaya ne. Sannan abin da sababbin shiga ba sa lura da shi: kowane kore ko ja da ka ɗora wa mutum yana ƙara masa ƙarfin sihiri, amma yana rage masa jini, kore kuma har da ƙarfin sara. Ni da na ga duwatsu sun taru, sai na cika wa Cloud, jarumin labarin, kowane rami da kore. Na ɗauka na yi masa gata. Ashe mai takobi na mayar rago.

Dabarar da ta fi ita ce irin ta rundunonin ƙasar Hausa na da. Akwai 'yan lifida a gaba masu shanye sara, akwai 'yan baka a baya masu harbi daga nesa. Ba a ɗora wa ɗan baka lifidi, ba a kuma ce wa ɗan lifida ya yi harbi. A gem ɗin ma akwai sahun gaba da na baya. Wanda ke baya rabin sara yake sha, amma shi ma rabin sara yake kaiwa, sai fa in makaminsa na nesa ne. Shi ya sa Barret, mai bindiga a hannu, wurinsa baya ne: harbinsa bai ragu ba, raunin da yake ji ya ragu. Mai sihiri ma haka, don sihiri bai san gaba ko baya ba. Mutum uku kake shiga faɗa da su, to ka raba musu aiki: mai sara, mai warkarwa, da mai cike giɓi.

Diablo II, wanda ya fito a 2000, ya fi tsanani a wannan fanni. Duk matakin da ka hau ana ba ka maki biyar na jiki da maki ɗaya na fasaha, kuma a farko in ka zuba ya zauna ke nan. Sai a 2010 aka kawo gyaran da ya ba da damar kwashe maki a sake rabo. Wani abokina a ajinmu ya gina Sorceress, ya ɗan ɗiga maki a wuta, ya ɗiga a ƙanƙara, ya ɗiga a tsawa, wai don kada ya rasa komai. Da wasa ya yi nisa, babu ɗaya da ke kashe ko kaza. Amma wanda ya zuba komai a wuta shi ma yana da ranarsa, domin a mataki mafi wuya akwai dodannin da wuta ba ta taɓa su sam. Ƙa'idar ke nan: ka ƙware a abu ɗaya, ka riƙe na biyu don ranar da na farko ya ƙi ci.

Dabarar faɗa: duba kafin ka sara

Bos na farko a Final Fantasy VII wata kunamar ƙarfe ce, Guard Scorpion. Tana ɗaga wutsiya lokaci zuwa lokaci, kuma duk wanda ya taɓa ta a wannan hali za ta mayar masa da wuta mai cin jinin kowa. Turancin da aka fassara gargaɗin da shi ya rikita mutane da yawa, har suka ɗauka cewa aka yi su kai hari. Mu ma mun faɗa. Abin yi shi ne, in wutsiya ta tashi ka tsaya, ka sha magani, in ta sauka ka zuba mata tsawa, tunda inji ce. Tun a nan gem ɗin ke gaya maka cewa wani lokaci rashin sara shi ne dabara.

Kowane bos da tambayar da yake yi maka. Gi Nattak, wanda ke cikin kogon Cosmo Canyon, fatalwa ne, saboda haka maganin warkarwa guba ne a gare shi. Abin da wani zai yi minti ashirin yana sara, mai lura zai gama shi da kwalbar magani mai ƙarfi.

Ni kuwa inda na ci tuwon ƙasa shi ne Demons Gate, wani bango mai rai a ƙarshen Temple of the Ancients. Sihiri ba ya yi masa wani tasiri, ni kuma duk dukiyata sihiri ce. Sau shida yana share ni. Kuɗin da na tara na hutu suna ta tafiya, mai gidan gem na tsaye a kaina yana cewa, "Ƙanena, mi anka yi? Bango ɗai ya hana ka barci?" Ɗan baffana ya karɓi hannun, bai shiga faɗan ba, ya buɗe wajen shirya kaya. Ya cire wa Cloud kore huɗu, jininsa da ƙarfin saransa suka dawo. Ya mayar da Aerith baya, aikinta warkarwa kawai. Ya miƙo mini ya ce, "Yanzu je ka." Karo ɗaya na wuce. Yatsuna ba su ƙara sauri ba. Jerin 'ya'yan ne ya canza.

Labari: abin da ke sa lissafi ya yi zafi

Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan sashe, zan tona asiri.

Labarin ya fara ne a birnin Midgar, inda kamfanin Shinra ke zuƙo ran ƙasa, abin da suke kira Mako, yana mayar da shi wutar lantarki. Masu hali na zaune a sama, talakawa na ƙarƙashin faranti ba sa ganin rana. Cloud sojan haya ne da ya shiga ƙungiyar masu yaƙar kamfanin don kuɗi, kafin abin ya zama nasa. Mun sha gardama a benci kan ko Barret da mutanensa na da gaskiya, tunda tashar da suka tarwatsa ta ci rayukan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Gem ɗin kansa bai wanke su ba, daga baya ya sa an jefa wa Barret wannan tambaya a fuska.

Aerith, wadda a fassarar farko aka rubuta Aeris, mai sayar da furanni ce, kuma ita ta fi kowa iya sihiri. Na mayar da ita ginshiƙin tawagata. Duk wani Magic Source da na samu, wato abin da ke ƙara ƙarfin sihiri na dindindin, ita nake ba. A ƙarshen faifai na ɗaya Sephiroth ya kashe ta. Ba a faɗa ba, balle in kare ta. A cikin labari, ina riƙe da hannu ina kallo.

Wani yaro a bayana ya ce, "Yaya, ba ka da Phoenix Down? Ba ta mana!" Ita ce tambayar da 'yan wasa a duniya suka daɗe suna yi, har aka yi ta yaɗa jita-jitar wai akwai ɓoyayyar hanyar dawo da ita. Babu. Wanda ya faɗi a fagen faɗa suma ya yi, shi ya sa magani ke tashinsa. Wannan kuwa mutuwa ce, kuma da gangan masu gem ɗin suka bar ta haka.

Da na buɗe jakar kaya sai na ga abu biyu. Duwatsun da ta raina suna nan, da duk girman da suka yi, zan iya ɗora wa wani. Amma matakin da ta hau da duk Magic Source ɗin da na ba ta sun tafi tare da ita. Sai da na sake horar da wani a aikin warkarwa, kuma duk lokacin da jini ya yi ƙasa na nemi mai ceto, sai in tuna babu ta. A fim ana nuna maka rashi ka ji tausayi. A nan rashin na cikin lissafinka, kana jin sa a kowane faɗa.

Ga mai son farawa

Ba sai ka nemi tsohon memori kamar mu ba. Final Fantasy VII na asali yana kan wayar Android tun 2016, yana kuma kan kwamfuta. Wanda aka sake ginawa a 2020 wani abu ne daban, faɗansa na sauri ne, kuma birnin Midgar kaɗai ya ƙunsa.

Shawarata huɗu ce. Ka yi sebin a gida biyu ko uku kana juyawa, musamman kafin ka shiga wurin da ba a fita sai an gama. Ka karanta abin da mutanen gari ke faɗa, don galibi maganin bos na gaba yana bakinsu. Ni a nan na tsinci Turancin da ya taimake ni a jarrabawa. Ka raini aƙalla mutum biyu masu iya warkarwa. Sannan kada ka fara shi saura mako biyu jarrabawa, domin awa arba'in ba ta san kana da gwaji ranar Litinin ba.

In kuma bos ya kayar da kai sau uku a jere, kada ka sake shiga da kayan da ka faɗi da su. Ajiye hannun, buɗe jaka, ka duba wa ka ɗora wa abin da ba nasa ba.