Gwajin magani kan yara: shari'ar Trovan ta Kano

Daga Dogondutsi har Tibiri, da Matankari da Kore Mairuwa, babu magidancin da bai san lokacin sankarau ba. Da hunturu ya juya, iska ta bushe, zafi ya fara sauka, sai a ji an ce wuyan yaron wane ya sanƙare. Uban da ya ɗauki ɗansa cikin wannan hali ya nufi likita ba ya tambayar sunan allura. Abin da aka miƙo masa shi zai karɓa. A irin wannan hali ne aka yi abin da aka yi a Kano, birnin da fataken Arewa suka sani kamar gidajensu.

Cikin shekarar 1996 annobar sankarau ta afka wa arewacin Nijeriya, ta kashe mutane fiye da dubu goma. Ana tsakiyar wannan masifa, kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko lokotoro-lokotoro zuwa asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, da wani sabon magani mai suna Trovan wanda hukumomin ƙasarsu ba su riga suka ba da izinin sayar da shi ba. Suka zaɓi yara 200. Kusan rabi aka ba su Trovan, sauran kuwa aka yi musu allurar ceftriaxone, sanannen magani, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin farko, 6 a na biyu. Wasu suka tashi kurame, wasu shanyayyu. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma gaskiya ne sankarau yana yin haka.

Sai dai gardamar ba a nan take ba. Iyaye sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba wanda ya faɗa musu cewa a harabar asibitin nan ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da maganin da aka sani, kyauta. Pfizer ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyaye suka amince da baki. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna kuwa, daga baya ta bayyana an rubuta ta bayan an gama gwajin, aka maido kwanan watanta baya.

Ƙa'idar ba sabuwa ba ce. Tun 1947, bayan shari'ar lokotoron Hitila a Nuremberg, aka rubuta cewa ba a gwada magani kan mutum sai da yardarsa, bayan ya fahimci haɗarin. Wannan bai hana Amurka barin baƙaƙen fata na Tuskegee da ciwon tunjere ba magani har 1972 ba.

Jaridar Washington Post ce ta tono labarin Kano a ƙarshen 2000. Tun 1999 ma an taƙaita amfani da Trovan a Amurka saboda yana lalata hanta. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Kafin nan, a 2003, da Kano ta ƙi rigakafin shan inna, sunan Trovan na cikin hujjojin da aka riƙa kawowa, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Sai a 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, dala 175,000 kowanne, bayan gwajin jinin gado ya tabbatar da cewa yaran da suka rasu nasu ne.