Maganin da ya kasa tsallake katangar ƙwaƙwalwa

A shekarar 1938 gwamnatin Mussolini ta hana Yahudawa aikin jami'a a Italiya. Wata matashiyar likita da hanin ya shafa, Rita Levi-Montalcini, sai ta mai da ɗakin kwananta a Turin wurin bincike, tana fasa ƙwan kaza tana duba yadda jijiyoyin ɗan tsako ke tsirowa. Aikin ya kai ta Amurka, inda ita da Stanley Cohen suka gano furotin ɗin da ke sa ƙwayoyin jijiya su yi tsiro su kuma rayu, wato NGF. Cohen ya same shi da yawa a dafin maciji da gurbin miyau na ɓera, wuraren da ba wanda zai yi zato. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1986.

'Yan'uwan NGF suka biyo baya: BDNF daga ƙwaƙwalwar alade a 1982, GDNF a 1993. Masana suka ɗora buri a kansu. Ciwon mantuwa na Alzheimer da ciwon karkarwa na Parkinson duk mutuwar ƙwayoyin jijiya ce, ga kuma abin da ke raya su a hannu. Saura me?

Saura isarwa, kuma a nan gizo ke saƙar. Ƙwaƙwalwa tana da shingen da ke tace duk abin da jini ya kawo, furotin kuwa ya yi girman da ba zai ratsa ba. In aka haɗiye shi, ciki ya narkar da shi kamar nama. In aka yi allurar NGF, mutum ya tashi da raɗaɗi, domin yana zuga jijiyoyin da ke kai saƙon zafi.

A Bristol ta Ingila likitoci sun dasa wa masu Parkinson siraran bututu, suna tura GDNF ta wata kafa a bayan kunne kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna sauyi a hotunan ƙwaƙwalwa, amma sauƙin da marasa lafiyar suka samu bai yi wa na waɗanda aka ba maganin bogi fintinkau ba. A ganina wannan gwaji ya fi nuna wuyar aunawa da isarwa fiye da gazawar furotin ɗin kansa.

Inda NGF ya zama magani na gaske, a ido ne: ɗigon Oxervate, da Amurka ta amince da shi a 2018 don gyambon ido da lalacewar jijiya ke jawowa.