Yadda tsoho ke rasa ɗakin kwana a Mubi

Duk sanda aka tayar da zancen hana bara a titi, kamar yadda Kano ta yi a 2020, sai majalisun unguwarmu ta Nassarawo su ɗauki zafi. Wasu na cewa a kwashe mabaratan, wasu na cewa a bar su su nemi abinci. Amma akwai maganar da kowa ke amincewa da ita: wai mu nan tsoho ba ya rasa wurin kwana, wannan ciwon Turawa ne, wanda ka gani a waje kuwa ko taɓin hankali gare shi ko 'ya'yansa ne marasa albarka. Wannan maganar ce ke ba ni haushi, domin tana sa mu wanke hannu tun kafin mu duba.

Marar gida a wurinmu ba a ƙarƙashin gada yake ba. Yana zauren wani, ko barandar shago bayan an rufe, ko kwanar masallaci da buhun kayansa a matsayin matashin kai. Tunda ba ya tare hanya, ba a lissafa shi.

Kowa ya san abin da ya faru a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, bayan Madagali da Michika. An ƙwato garin a Nuwamba, matasa suka koma neman kuɗi, wasu suka zarce Yola ko Kano ba su dawo ba. Tsohon da aka ƙona masa gida a ƙauye ba shi da ƙarfin buga tubali. Ya sauka wurin dangi da sunan baƙo, shekara goma ta wuce, mai masaukin ma ya gaji. Ga kuɗin haya da ɗaliban jami'ar jiha da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ke ɗagawa, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a Mayun 2023.

Sai dai inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin rabon gado, kuma da hannunmu. Mu ɗauka maigida ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya, dukiyarsa kuma gida ɗaya ce. Magada suka matsa a sayar, dillali ya kawo mai naira miliyan 8. Tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan ɗaya ne, matan biyu za su raba. Kowace ta tashi da dubu 500. Ba a ci haƙƙinta ba, lissafi ya yi daidai. Amma matar da ta yi shekara 40 a ɗaki ɗaya yanzu tana riƙe da kuɗin da ba zai sayi fili ba. Gida kamar tukunyar ƙasa yake, idan aka fasa don kowa ya samu rabonsa, babu wanda zai dafa komai da nasa ɓallin. Wadda ba ta haihu a gidan ba ita ce ta fi shiga uku.

Idan gigin tsufa ya shigo, ta fara mantuwa da sambatu da fita cikin dare, sai a fara raɗe-raɗin maita. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, asibiti yake buƙata, amma sau da yawa abin da take samu shi ne a nuna mata ƙofa.

A takarda gwamnati ta yi nata. An sa hannu a dokar cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, an amince da manufar kula da tsofaffi a 2021. Manomi da mai sayar da ƙosai dai ba su da fansho, Abuja kuma da nisa.

Rigakafin da ke hannunmu ya fi araha. Wasiyya ba ta halatta ga magaji, amma miji na iya yi wa matarsa kyautar ɗakinta tun yana da rai da lafiya, ya mallaka mata, a rubuta a gaban shaidu. Ranar rabon gado kuma, liman da mai unguwa su fara tambayar inda Inna za ta zauna, a samu ɗan da ya ɗauki nauyin da bakinsa, kafin a kira dillali.