Mabuɗi a Hannun Ɗa, Alhaki a Wuyan Uba

Da zarar biki ya kama ko ɗalibai sun gama jarrabawa, sai titunan Kano da Kaduna su cika da samari masu wasan mota, kuma da wuya a samu wanda ya sayi motar da guminsa. Ta uba ce. Uban kuwa yana gida hankali kwance, wai yaro ya haura shekara 18, in ya yi ɓarna shi zai amsa. Rabin lissafin nan ne kawai daidai. Gaskiya ne wanda ke riƙe da sitiyari shi ake gurfanarwa kan tuƙin ganganci, kuma kotu ba ta kama mutum don kawai shi ya haifi direban. Amma takan tambaya: motar wa ce, kuma wa ya fitar da ita? In uba ne ya aiki ɗan ya kai ƙannensa makaranta ko ya ɗauko kaya a kasuwa, to ɗan wakili ne, wanda aka kaɗe yana iya neman diyya daga mai aiken. In kuwa ya miƙa mabuɗi alhali ya san ɗan ba shi da lasisi, ko maƙwabta sun sha kawo ƙarar gudunsa, sakacin nasa ne shi kansa. Mutumin da ba ya yarda ɗansa ya taɓa masa waya, shi ne ke ba shi mota!

Wani zai ce ai akwai inshora. Wacce? Tun 2023 inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, amma da yawa takardar bogi suke saye don nuna wa jami'an hanya. Ko ta gaskiya ce, an gina ta a kan sharaɗin direba mai lasisi, in babu shi kamfani ya sami hujjar jayayya.

Masu fakewa da ƙaddara kuma su tambayi malaman fiƙihu. Diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, kuma dangin mai laifin ta wajen uba ne ke ɗaukarta.

Iyaye, ku ga lasisin da idonku, ku tabbatar inshorar ta gaskiya ce, kafin mabuɗi ya bar aljihunku.