Sayen babur ko haya: yi lissafi kafin ka dangwala yatsa

Hirarmu ta yau a kan babur take, wanda wasu ke ce wa moto. Muna magana da mutanen Karakara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, amma zancen ya shafi kowa. Idan kaka ta yi, an ɗaure gero, an sayar da rake, samari da yawa sukan so su shiga kabu-kabu kafin damina ta dawo. Daga Karakara zuwa Gaya, ko zuwa kasuwar Kamba a tsallaken iyaka, babur ne ke kai mutum da kayansa inda mota ba ta zuwa kullum. To, yaya za ka samu babur ɗin?

Hanya uku ce. Ko ka saya kuɗi hannu, ko ka ɗauka haya, ko ka ɗauka bisa kwantiragi kana biya sannu-sannu har ya zama naka.

Wannan tambaya ba tamu ce mu kaɗai ba. A Faransa da Amurka, mai son sabuwar mota, har irin ƙananan nan masu gudun tsiya, yakan tarar da zaɓi biyu a gidan sayar da motoci. Ko ya saya, ko ya yi hayarta shekara biyu ko uku, yana biya wata-wata. Ana rubuta masa yawan kilomita da zai yi a shekara. Idan ya wuce, sai ya biya ƙari. Idan wa'adi ya cika, ya mai da mota, ko ya biya sauran kuɗinta ya riƙe ta. Motarsu ta fi babur ɗinmu tsada nesa, amma lissafin iri ɗaya ne.

Bari mu yi lissafin tare. Ɗauki alƙalami. Kuɗin da za mu faɗa misali ne kawai, don farashi yana canzawa. Kai sai ka sa na kasuwarku a madadinsu.

A ce sabon babur jika 600 ne. Wanda ya saya kuɗi hannu ya biya jika 600, shi ke nan. Babur nasa ne tun ran farko. Gyara nasa, riba tasa, hasara tasa.

Na biyu ya ɗauka haya. Kullum da yamma yana kai wa mai babur jika 2. Yana aiki kwana 6 a mako, ya zama jika 12. Shekara tana da mako 52. Ninka 12 sau 52, za ka samu jika 624. Ka gani? A shekara guda ya biya fiye da kuɗin sabon babur, kuma ko madubi ba nasa ba ne. Kada ka yi saurin yi masa dariya. Ran da ya gaji, ko damina ta faɗi yana son komawa gona, sai ya miƙa makulli ya tafi, ba mai binsa ko dala. Babban gyara kuma, irin na inji, yawanci mai babur ne ke yi.

Na uku shi ne mai kwantiragi, kuma a kansa za mu daɗe, don nan ne mutane suka fi ƙonewa. An shirya da shi zai kawo jika 3 kullum, wato jika 18 a mako, har shekara guda. Ninka 18 sau 52. Jika 936 ke nan. Cire 600, saura jika 336. Wannan shi ne ladan jiran da mai babur ya yi masa, kuma ya fi rabin kuɗin babur ɗin. Idan ka gwada shi da mai haya, bambancinsu jika ɗaya ne kawai a rana, amma a ƙarshen shekara shi yana da babur, wancan ba shi da komi. Shi ya sa kwantiragi ke da daɗin ji a kunne.

Yanzu saurari inda gizo ke saƙa. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, babur ba na direba ba ne. Takardu suna hannun mai kuɗi, da sunansa. A ce ka biya mako 40 ba fashi. Jika 720 ke nan, ka riga ka wuce kuɗin babur. Sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai mako uku, ko ka faɗi ka karye. Idan ba a yi maganar wannan ba tun farko, mai babur yana iya zuwa ya ɗauke kayansa, ya ce abin da ka biya kuɗin haya ne. Kai kuma ba ka da takardar da za ka nuna wa mai gari ko alƙali. Ba lallai ne a ce mutumin mugu ba ne. Shi ma yana iya zama bashi ya ci ya sayo babur ɗin. Laifin na maganar baka ne, wadda kowa ke tunawa yadda ta yi masa daɗi.

Don haka, kafin ka karɓi makulli, ku zauna a rubuta. Tun da yanzu ka iya karatu, karanta da kanka, kada ka bari a karanta maka a gurguje. A rubuta jimlar kuɗin duka, da abin da za a kawo kowane mako, da ranar gamawa. A rubuta kwana nawa za a ɗaga maka idan ciwo ya kama ka. A rubuta abin da za a mayar maka idan ka kasa ƙarasawa bayan ka biya fiye da rabi. Wannan layin ya fi sauran muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A faɗi wanda zai sayi taya da sarƙa da baƙin mai, da wanda zai ɗauki hasara idan an sace babur. Malamanmu na fiƙihu suna da babi a kan haya, suna kiranta ijara, kuma a wajensu mai haya ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa idan ba sakaci ya yi ba. Amma masu kwantiragi da yawa suna ɗora komi a kan direba, saboda haka tambaya tun ana raha. A samu shaidu biyu su sa hannu. Idan da hali, a kai takardar ma'aikatar magajin gari a buga mata hatimi. Kowa ya riƙe kwafi ɗaya.

Sayi ɗan littafi kuma. Duk ranar da ka kai kuɗi, rubuta kwanan wata da adadi, mai karɓa ya sa hannu a gefe. Littafin dala ashirin yana iya tsare maka jika ɗari bakwai.

Akwai abin da ba kai ba mai babur ba wanda ke da iko a kansa. A shekarar 2013 an hana acaɓa a birnin Kano. A 2015 an hana hawan babur a jihar Diffa saboda tsaro, a farkon 2020 aka yi haka a sassan jihar Tillaberi. A 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa fiye da shekara guda. A 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. Duk lokacin da irin wannan ya faru, mai haya yana aje makulli ne kawai. Wanda ya saya yana da babur a zaure, ba aiki amma ba bashi. Mai kwantiragi kuwa, mako yana zagayowa ana jiran jika 18. Sa a rubuta cewa idan hukuma ta hana aiki, biya zai tsaya sai an buɗe.

Ku da ke bakin iyaka kuna da wata magana ta daban, wato wane kuɗi za a biya da shi. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 656 in an cika. Naira kuwa tana hawa tana sauka. A farkon 2023 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce naira 1,500. Wanda ya yi kwantiragi da naira yana samun sefa, nauyi ya ragu masa. Mai babur ne ya ji jiki. Ranar da naira ta farfaɗo, zancen juyawa zai yi. A rubuta sunan kuɗin a fili, sefa ko naira, kada a bar shi sai ranar biya.

Idan daga Kamba babur ya fito, tambayi takardar duwan. Babur da ba a biya masa duwan ba, ana iya kama shi a hanya, kuma ba ruwan ma'aikaci da mako nawa ka biya. Duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen babur, ka gwada ta da wadda ke cikin takarda, harafi bayan harafi. Ranar da ka gama biya, kada murna ta sa ka manta: a juya katin babur zuwa sunanka.

A ganinmu, wanda zai yi kabu-kabu da rani kawai, ya koma gona da damina, haya ta fi masa. Wanda ke da rabin kuɗi a hannu, ya daure ya shiga adashi ya cika, ya saya gaba ɗaya. Kwantiragi na wanda zai yi aikin shekara cur ne, mai lafiya, mai ɗan abin da ya aje don makon da ba ciniki.

Aikin gida na wannan mako: tambayi kuɗin sabon babur a kasuwarku, tambayi abin da ake biya kullum na haya da na kwantiragi, ka ninka kamar yadda muka yi. Kawo amsar wa malaminku a aji. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.