Ko Kun Sani?

A watan Disamba na 2024 masana suka bayyana wani ɗan ƙaramin garken taurari da madubin hangen nesa na James Webb ya hango. Sun raɗa masa suna Firefly Sparkle, saboda yana ƙyalƙyali kamar ƙwarin nan masu walƙiya da dare. Hasken da ya iso mana ya baro shi ne tun sararin samaniya na da shekara miliyan 600 kacal. Nauyinsa kamar na rana miliyan 10, abin da a wannan fage bai taka kara ya karya ba. A cikinsa akwai dunƙulen taurari 10, launinsu daban-daban, alamar ba lokaci ɗaya aka haife su ba.